Ruwayar Allura

Kawuna ne ya fara ce mata maƙaryaciya.

Muna fitowa daga wata fadama ta wajen Kirikasamma a cikin kaka, magariba ta kawo jiki, an lafta wa bayan mota buhunan shanshera har sun ɗara kan direba tsawo. Ɗan Kawu ne a sitiyari, bai fi wata uku da fara tuƙi ba. Kawu na jikin ƙofa, ni ina tsakiya, giya na bugun gwiwata duk sanda aka canja. Motar Toyota Hilux ce ta ƙarshen shekarun 1980, mai shan fetur, fentinta ya daɗe da rikiɗa ya koma launin hanyoyin da take bi. A gaban direba akwai manyan agoguna biyu. Ɗaya maleji ne, kowa ya san shi. Ɗayan kuwa lambobinsa 'yan ɗaiɗaiku ne, ya fara daga sifiri, da jan fenti a can ƙarshe. Yaron ya kunna fitila ke nan sai allurar wannan na biyun ta zabura daga biyu ta haura huɗu, ta faɗo ɗaya, ta yi karkarwa, ta kwanta a sifiri kamar an zare makulli, ta sake miƙewa. Muryar inji kuwa ko gezau. Yaro ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur, daidai inda yashi ya fi zurfi, mota ta nemi mutuwa.

"Ba ta wuta!" Kawu ya daka masa tsawa. "Rabu da wannan, ƙarya take yi."

Mun fita daga yashin, amma kalmar ta ƙi fita daga kaina. Ƙarya a wajenmu babban buhu ce, komai zuba mata muke yi. Wanda ya san gaskiya ya faɗi akasinta, ƙarya ya yi. Wanda ya ji labari ya ƙara masa gishiri, shi ma haka. Mai awo da lotsattsen mudu, mudunsa ƙarya ne. Har agogon hannu in ya yi baya da minti goma sai mu ce ƙarya yake yi, alhali ba shi da zuciyar da zai ƙulla niyya da ita. Mun tara mai ha'inci da mai kuskure da mai rauni a kalma guda, kuma ina jin shi ya sa hukuncinmu kan yi sauri. Da zarar an ce abu ya yi ƙarya, shari'a ta ƙare, saura a juya masa baya.

Shi kansa agogon ba shi da sunan da kowa ya yarda da shi. A tasha za ka ji wani ya ce agogon inji, wani kuma ya nuna shi da yatsa kawai ya ce wancan. Ita kalmar agogo ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Yarbanci muka karɓo ta, inda take nufin ƙararrawa, muka ɗora ta a kan mai faɗin lokaci, muka yi masa kirari da sarkin aiki, da mota ta zo kuma muka raba sunan ga duk abin da ke da fuska da lamba da hannu: agogon mai, agogon zafi. Maleji ya fi su sa'a duka. Asalinsa kalmar Turanci ce ta ƙidayar mil, amma ya nutsa cikin maganarmu har ya haihu. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta san abin da ake nufi in an ce wane ya ƙure maleji a rowa, ko wance ta ƙure maleji a kwalliya. Maƙwabcinsa kuwa, da suke zaune bayan gilashi ɗaya shekara da shekaru, ko laƙabi bai samu ba.

Dalilin, a ganina, shi ne abin da maleji ke faɗa ko fasinja na iya gaskata shi ta taga: ga itatuwa na wucewa, ga iska na dukan fuska. Wannan kuwa labarin ciki yake bayarwa. Turawa suna ce masa takomita, daga kalmomin Girkanci biyu, sauri da awo, sai dai saurin da yake aunawa ba na tafiya ba ne. Juyi yake ƙirgawa. A tsakiyar inji akwai wani ƙarfe mai nauyi da fistin ke murzawa, shi ne ke kai ƙarfi ga giya, giya ta kai ga taya. Agogon na faɗin sau nawa ƙarfen nan ya kewaya a minti ɗaya, kuma kowace lamba a fuskarsa dubu ce. In allura na kan uku, juyi 3,000 ke nan a minti, 50 a daƙiƙa. Kafin ka ƙifta ido ya zagaya sau da yawa.

A kan kwaltar Kano zuwa Haɗeja mutum na iya yin shekara bai dube shi ba. A fadama ne ake sanin amfaninsa. Duk wanda ya taɓa shiga da mota cikin baƙar lakar da ruwa ya janye ya bari ya san lokacin nan da taya ke wulwulawa a wuri ɗaya, tana feshin taɓo, inji na kururuwa, mota ko taƙi ba ta matsa ba. A wannan lokacin maleji da kansa ba abin dogaro ba ne, don shi daga bakin giya yake ɗaukar lissafinsa, sai ya nuna maka gudu kana tsaye. Agogon inji ne kaɗai ke gaya maka abin da ke faruwa da gaske, wato wahalar da ƙarfe ke sha. Hausa ta san bambancin aiki da tafiya, ta san ana iya shan wahala ba a je ko'ina ba, kuma ga allurai biyu a gaban direba, kowace ta ɗauki ɗaya. In ta wahalar ta kusanci jan fenti, a ɗaga ƙafa, a sauka a haƙa, a sa itace da ciyawa ƙarƙashin taya. Injinan da na ga sun ƙone a yankinmu, da kulocin da na ji ƙaurinsa, kusan duk a irin wannan wurin ne, motar na tsaye.

Kawu dai bai taɓa bukatar agogon ba. A Peugeot 404 ya koyi tuƙi, Fijo a bakinsa, cikin motocin da suka cika hanyoyin Arewa bayan an fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Giyarta a wuyan sitiyari take, gabanta kuwa babu wani agogon juyi. Irinta ce muka sa wa suna a-kori-kura, sunan da jimla ce sukutum, umarni ne. Ni a kunnena kurar da ake kora ita ce ta turawa da hannu, wadda ke dakon kaya a kasuwa kafin ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta zo ta karɓe mata aiki. Masu tuƙa irin waɗannan motoci da ji suka koyi sana'a. Kuma ji a Hausa ba na kunne kaɗai ba ne. Muna jin ƙara, muna jin wari, muna jin zafi, muna jin gishiri a miya, muna jin Larabci. Direba irin Kawu yana jin inji da kunne, yana jinsa a tafin ƙafa ta totur, a hannu ta giya, a baya ta kujera. Jiki magayi. Ya san silon motarsa kamar yadda uwa ta san numfashin ɗanta mai barci. In ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, kafin ya yi magana ka ga ya karkata kai.

Duk da haka ya ce sai an gyara agogon. To me zai sa ya kashe kuɗi a kan abin da ba ya kallo? Na ga direbobi da yawa da suka manna hoto ko takarda a kan mataccen agogo suka ci gaba da harkarsu. Na tambaye shi washegari muna shan shayi.

Ya ce, "Ni kunnena ya ishe ni. Amma ka ga ƙanenka jiya? Idonsa na can. Kunnensa bai nuna ba tukuna. In na bar shi da abin da ke ruɗa shi, wata rana ba na cikin motar."

Mai wayarin ɗin da muka je wajensa a cikin garin Haɗeja dattijo ne, rumfarsa ƙarƙashin darbejiya, tebur ɗaya, tsofaffin batura a jere, wayoyi kala-kala rataye kamar kayan koli. Yara biyu na koyon aiki a hannunsa. Bayan an gaisa an tambayi iyali da kaka, Kawu ya yi bayani, ya rufe da cewa in sabo za a saka a saka. Dattijon bai taɓa motar ba tukuna.

"Alhaji, in ta yi tsallen, inji ma yana tsalle, ko ita kaɗai ce?"

"Ita kaɗai."

"Ba ya shaƙewa? Ba ya yanke wuta ya dawo?"

"Da ya yi, da na ji."

"To madalla. Da sauƙi."

Daga baya na gane nauyin wannan tambaya. Allura na iya rawa don gaskiya take faɗa. In kwayil ya fara gajiya, ko abin da ke yanka masa wuta ya fara ciwo, wutar fulogi kan riƙa ɗaukewa tana dawowa, inji ya riƙa tuntuɓe, allura kuma ta riƙa faɗuwa tare da shi. A nan wanda ya ce a rabu da ita ya kori mai gargaɗi. Shi ya sa kafin a tuhumi agogo sai an nemo shaida na biyu, kuma shaidan nan kunne ne. Mun saba cewa gani ya kori ji. A rumfar nan ji aka fara tambaya, shi ya yanke wa gani hukunci.

Irin wannan mai sana'a, ban da mai wayarin, akan ce masa rewaya, daga kalmar Turanci ta sake shimfiɗa waya. Ina zaune a benci ɗaya daga cikin yaran ya amsa wa wani mai babur cewa ai nan wajen rewaya ne, sai kalmar ta faɗo mini a kunne da wata kama. Rewaya, ruwaya. Ba su haɗa asali ba ko kusa, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Larabawa, amma sun zo sun zauna kafaɗa da kafaɗa a bakin Bahaushe, wasali ɗaya ne tsakaninsu. Ƙasar Haɗeja kuwa ba baƙuwar ta biyun ba ce. An san ta da tsangayu da alarammomi da gwanaye, waɗanda ke karanta Alƙur'ani da ruwayar Warshu daga Nafi'u, kowane ya karɓa daga bakin malaminsa, shi ma daga nasa. Yaron da ya tashi a nan ya san cewa magana mai daraja ba ta faɗowa daga sama ta sauka a kunne. Hannu da hannu take bi, kuma ana sanin hannayen.

Ina kallon dattijon yana aiki sai na ga ashe allurar nan ba ganau ba ce, jiyau ce. Ba ta taɓa ganin cikin inji ba. Babu wani ƙarfe da ya haɗa ta da abin da take ba da labarinsa. Injin motar Kawu mai fistin huɗu ne, kowane yana karɓar wuta sau ɗaya a juyi biyu, saboda haka a kowane juyi ana ƙyasta wuta sau biyu. Duk ƙyastawa, sai an yanke wutar da ke ratsa kwayil, kuma wannan yankewar tana barin ɗan bugu a ƙafarsa ta negatif. Wata siririyar waya ce ke ɗaukar bugun, ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba, ta bi ta soket, ta isa wani ɗan faranti mai ƙananan kayan lantarki a bayan agogo. Farantin ya ƙirga, ya mai da ƙidayar ƙarfin da zai ture allura. A silo, in inji na juyi 800, bugu 1,600 ke isowa a minti. A juyi 3,000, bugu 100 a kowace daƙiƙa. A motar da ke shan gas, da yake ba ta da fulogi, labarin kan fito ne daga altaneta ko daga wani ɗan ma'auni a jikin famfon mai, kuma in ta altaneta ce, sakwarkwacewar fanbel kaɗai ta isa ta rage lissafi. Ko ta wace hanya, abin da direba ke gani a gilashi shi ne bakin ƙarshe a jerin bakuna.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin abin yi da labarin da ya biyo ta bakuna. Ba ina daidaita darajar abubuwan biyu ba ne, Allah ya tsare. Hanyar binciken ce ta kama ni. Sun raba matani, wato maganar kanta, da isnadi, wato jerin waɗanda suka kawo ta. In magana ta zo da abin da hankali bai kwanta da shi ba, ba su tsaya ga na ƙarshe su ce shi ya ƙaga ba. Sukan bi jerin mutum-mutum: wane ya sadu da wane kuwa? Akwai inda sarƙar ta yanke? Kuma, abin da ya fi burge ni, ba su zuba kowa a buhun ƙarya ba. Mai ƙirƙira da gangan daban, mai gaskiya amma haddarsa da rauni daban, wanda ya yi shekaru yana daidai sai tsufa ya rikita shi daban, kuma shi wannan na ƙarshen ana karɓar abin da ya faɗa kafin rikicewar. Akwai ma wani fanni da suka keɓe wa ɓoyayyen aibin da ke cikin ruwayar da a fili lafiyarta lau. Sunan aibin illa, kalmar da muka ara muke faɗa kullum a kan mota da doki da auren da za a ƙulla.

Dattijon bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yi kawai yake yi. Ya fara da fis, ya zare ya duba a hasken rana, ya mayar. Ya sa yaro ya tayar da mota, ya ɗora bakin mitarsa a ƙafar kwayil, bugu na nan daidai. Ya bi siririyar wayar da yatsu, taƙi-taƙi, yana lanƙwasa ta yana kallon allura, musamman inda ta ratsa bangon ƙarfe, don a nan ne gefen rami kan cinye roba. Ya ce mini in wannan wayar ta feɗe ta taɓa bodi, ba agogo kaɗai zai mutu ba, inji ma sai ya mutu, don ta janye wutar kwayil ɗin ke nan. Na jinjina wannan. Mai ɗaukar labari, in ya lalace ta wata fuskar, yana iya kashe wanda yake ba da labarinsa. Wayar dai lafiyarta ƙalau. Ya kwance sukurori huɗu ya jawo gidan agogunan gaba ɗaya, ya zare soket, ya hura, ya duba ƙafafun ko sun yi kore.

Babban yaron ya gaji da jira. Ya ce, "Oga, agogon ne kawai. A aika Ƙofar Ruwa a kawo ɗan Beljiyom, a huta."

Dattijon bai ɗago ba. Ya ce masa ya tuna motar da aka taɓa kawowa, wadda wani ya saka wa agogon da aka ciro daga mota mai fistin shida. Shi wancan agogon an gina shi ne ya jira bugu uku a kowane juyi, ga shi ana ba shi biyu. Sai ya riƙa nuna kashi biyu cikin uku na gaskiya: inji na 3,000, shi yana cewa 2,000. Ba ya rawa, ba ya tsalle, allurarsa na hawa da sauka cikin natsuwa. Mai motar ya yi ta taka totur yana ganin da saura. Wannan labarin ya fi tsorata ni a kan duk abin da na ji ran nan. Allurar Kawu da ke hauka ta tona kanta, ko yaro ya ga da matsala. Mai kuskure cikin natsuwa, kullum da gwargwado ɗaya, shi ne ba a zargi, kuma mu da kanmu da mun gan shi da mun ce ga agogon kirki.

Duk wannan lokacin da rana ake yi, allura kuwa ta zauna lafiya kamar ba ita ba, sai ɗan motsi in an girgiza mota. Dattijon ya tsaya ya yi shiru. Sannan ya juya ga ɗan Kawu.

"Samari, jiya da ta fara, me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Baba. Fitila kawai na kunna."

"Kunna mu gani. Sa tirafiketo ma."

Yaro ya murɗa. Koriyar kibiya ta fara ƙiftawa a gilashi, allura kuwa ta shiga bin ta: ƙyal, ta yi sama, ɗif, ta faɗo, ƙyal, ta yi sama. Kamar mai rawa da makaɗi. Dattijon ya yi murmushi, ya ɗauko wata doguwar waya, ya maƙala bakinta ɗaya a negatif ɗin batir, ɗaya bakin ya taɓa wata waya a bayan gidan agogunan. Nan take allura ta tsaya cak. Ya ɗage, ta koma rawa. Ya mayar, ta tsaya.

"Wayar bodi ce," in ji shi. "Wuta ta shiga, ta rasa hanyar komawa."

Mu da ba masu sana'ar ba, in mun yi tunanin wutar mota, zuwanta kawai muke tunani: ta fito daga batir ta je fitila. Ashe rabin zance ke nan. Duk wutar da ta fita sai ta koma, kuma a mota hanyar komawar ita ce ƙarfen jikin motar kansa. Turawa suna kiran wannan hanya da sunan ƙasa, ko da yake mota a kan roba take tsaye. Fitilun gaban direba da kibiyar tirafiketo da agogon inji duk waya ɗaya suke bi su koma, wayar kuma an ɗaure ta da noti a jikin bodi. In maɗaurin ya toshe, wutar fitila ba ta haƙura ta tsaya. Sai ta nemi wata kafa, ta kutsa ta cikin farantin agogo, ta cakuɗa da bugun da ke zuwa daga kwayil. Agogon na ƙirga abin da ya iso masa tsakani da Allah; abin da ya iso ne ba na inji kaɗai ba.

Ban bukaci a maimaita mini ba, don ɗan wannan yanki ya san wannan labarin da idonsa, a jikin kogi. Kogin Haɗeja daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa yake, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mu, ya wuce ya zama Komadugu Yobe a hanyarsa ta Tafkin Chadi. Da can yakan cika da damina ya malala fadamu, da rani ya ja baya har yashi ya fito, rana ta ƙone abin da ya tsiro a cikinsa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara. Kacala ta samu abin da take so. Ta kafa saiwa, laka ta taru a gindinta, ta yi duhu har tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka suna faɗa wa shinkafa. Ƙasa da garin Haɗeja kogin yakan rabu: ga tsohon kogin, ga Burum Gana, ga Marma mai zuba a tafkin Nguru. Da ciyawa da laka suka shaƙe biyun farko, ruwa ya karkata Marma, ya haura gaɓa, ya kwanta a gonaki da hanyoyin ƙasar Guri da Kirikasamma, alhali wasu da ke jiransa a tsohuwar hanyarsa suna kukan ƙarancinsa. Manomin da ruwa ya ci gonarsa, ruwan yake gani a gabansa, shi yake kira azzalumi. Inda aka toshe masa hanya kuwa yana can nesa, cikin kacala, sai da kwalekwale ake isa.

Maɗaurin na can ƙasa, gefen ƙafar direba, bayan wata robar da aka ɓalle. Ƙaramin yaron ya kwanta rigingine, kansa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya haska da wayar hannu. Busasshiyar laka ce ta fara zubowa, ɓarɓashi-ɓarɓashi, fara-fara kamar toka. Kawu ya sa hannu ya murza ta a yatsu, ya ce ta ambaliyar 2022 ce, shekarar da ruwa ya ci ƙasar Haɗeja, motar ta yi ta kwasar mutane da kayansu ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. An wanke ta bayan nan, an canja mata mai, amma babu wanda ya ɓalle wannan robar. Ƙarƙashin lakar ga noti ya yi ja da tsatsa, zoben da ke bakin wayar ya yi kore, silin tagulla biyu ko uku kaɗai suka rage a manne. Sifana lamba goma ta kwance shi da ƙyar. Dattijon ya yanke ruɓaɓɓen bakin, ya feɗe sabo, ya matse sabon zobe ya bi shi da dalma, ya sa samfefa ya goge bodin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, ya shafa ɗan giris a kai saboda daminar gaba. Aikin bai kai rabin awa ba. Neman wurin ne ya ci hantsi.

Aka tayar. Allura ta hau ta zauna ƙasa kaɗan da ɗaya. Aka kunna fitila, aka sa tirafiketo dama da hagu, aka danna oda. Tana nan. Dattijon ya ce a ba ta wuta a hankali, muryar inji ta tashi, allura ta tashi tare da ita, aka saki, suka sauko tare.

Kawu ya daɗe yana kallonta, fiye da yadda na taɓa ganin ya kalle ta. Ya ce, "Ashe ba ita ba ce." Ya ciro kuɗi ya biya, ya ƙara wa yaron da ya kwanta a ƙasa wani abu.

Da la'asar muka koma ɗauko sauran buhunan. Ɗan Kawu ne a sitiyari. Da muka bar kwalta muka gangara hanyar fadama, kacala ta yi mana katanga dama da hagu, ta fi motar tsawo, iska na kaɗa kawunanta masu kama da gero. A bakin yashin jiya yaron ya sauko giya biyu, ya dubi allura, ya riƙe ta tsakanin biyu da uku. Kawu na kallon waje, gwiwar hannunsa a kan taga.

"Ka ji muryar nan?" ya ce, bai juyo ba. "Duba inda take. To riƙe su tare."

Yaron ya duba, ya kasa kunne, mota ta ratsa yashin ta hau tudu.